Gurbin Mamvula

Na ɗauko na'urata tun daga Darussalam,
awa tara a mota, tana kan cinyata kamar jinjira,
har Chamwino, inda kukoki ke tsaye
kamar tsofaffin da suka gaji da jiran ruwa.

Kaka Sechelela ta dubi akwatin, ta dube ni.
"Nyemo, wannan ne makaɗin?
Ina bakinsa? Me yake ci?"
Na ce wuta yake ci.
Ta ce, "Ashe ya zo garin yunwa."

Muka jawo waya daga shagon mai caji.
Inna Matika ta gasa fatar muheme a bakin murhu,
ta matse gangar tsakanin cinyoyinta.
Mata shida, ƙararrawa a idon sawu,
kafaɗu sun fara rawa tun baki bai buɗe ba.

Na saki bugun: ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Suka shigo, amma ba ta ƙofar da na buɗe ba.
Muryar wannan ta hau bayan ta waccan,
ta waccan ta sulale ta ƙasa ta ɓullo gaba.
Na'ura na ƙirga, su suna saƙa.
Kaka ta ce, "Yaron nan naki soja ne?
Taku kawai ya iya, ko numfashi ba ya yi."

Kwana uku ina koya masa jinkiri,
ina koya masa ɗingishi irin na taɓarya
idan hannu ya soma gajiya da gero.

Sai dai akwai wani wuri a waƙar daka
da kowa ke yin shiru.
Ɗan gurbi ne, bai fi haɗiyar yawu ba.
Na ɗauka mantuwa ce irin ta tsufa,
na cike shi da ƙugi mai girgiza ƙirji.

Kaka ta ɗaga hannu. Ganga ta tsaya.
"Cire. Nan wurin Mamvula ne."

Ƙanwarta.
Damina goma sha ɗaya ke nan da aka rufe ta
a bayan gonar inabi,
kuma har yau suna matsa mata wuri,
kamar yadda ake matsa wa mutum a tabarma.

Da dare Inna Matika ta kwance bakin zane,
ta ba ni wani kaset mai ƙanshin hayaƙi,
na bikin da aka yi tun ba a haife ni ba.
Akwai kukan akuya, akwai tari, akwai iska,
can ƙarƙashinsu siririyar murya
tana ɗaukar baiti daga inda Kaka ta ajiye.
Na tsince ta da tsinin yatsa
kamar mai fitar da tsakuwa daga dawa,
na kai ta gurbinta. Ta zauna daidai.
Akuyar ma na bar ta.

Wata biyu bayan nan, kan rufin wani bene a Kinondoni,
fitilu ja da shuɗi, gumi da iskar teku,
samari da 'yan mata da ba su taɓa riƙe taɓarya ba
suna tsalle kan waƙar daka.
Kaka na tsakiya da farin wuri a goshi.
Ta kai gaɓar, ta yi shirunta na kullum,
sai lasifika ta amsa.

Ba ta yi kuka ba.
Ta juya wajen baƙin akwatin,
ta harare shi irin hararar yaya ga ƙanwa
da ta makara zuwa rijiya,
ta ɗora baiti na gaba.

Sau tara suka yi ta miƙa wa juna.
Benen na rawa har ƙarfen baranda.

Wajen ƙarfe biyu ta jawo hannun rigata,
bakinta a kunnena saboda ƙara:
"Kashe ta haka nan, Nyemo, ta huta.
Ita dama ba mai son dare ba ce."